Kacala ta cinye mini fadama: ko akwai hanyar korar ta ba tare da feshin magani ba?

"Assalamu alaikum. Ni manomi ne daga yankin Guri a Jihar Jigawa. Muna da fadama wajen eka biyu da muka gada, wadda mahaifinmu yake noma shinkafa a cikinta da damina, idan ruwa ya janye kuma ya shuka wake. Yau shekaru ke nan ciyawar kacala ta rufe ta, ko akuya ba ta iya ratsawa. Mun sare ta, mun sa mata wuta har sau biyu, amma kullum sai ta dawo fiye da da. An ba ni shawarar in yi feshi, ni kuwa ba na so, domin ruwan nan shi dabbobinmu suke sha, a nan ake kamun kifi, ga kuma tsadar maganin. Shin akwai wata hanya, ko in haƙura da gonar?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinku. Idan na fahimce ka, abin da kake son sani shi ne ko mutum zai iya ƙwato fadamarsa daga kacala da ƙarfin hannu da dabara kawai, kuma me ya sa saran da ƙunar da kuka yi ba su yi amfani ba. Amsa a taƙaice ita ce ana iyawa, kuma na ga inda aka yi, amma sai an daina kallon ganyenta an koma kallon ruwan da take tsaye a ciki. Kacala ciyawa ce da ruwa yake raya ta, kuma da ruwa ake kashe ta: ko dai a nutsar da saiwarta, ko a busar da ita. Duk wata dabara da ba ta kai ga ɗaya daga cikin biyun nan ba, aski kawai aka yi mata.

Abin da ya kawo ta

Kacala ba baƙuwa ba ce da aka shigo da ita daga wata nahiya. Tun da can tana nan a gefen tafkuna da kududdufan da ba sa ƙafewa, sai dai ba ta da sarari, domin yanayin kogin Haɗejia na wancan lokaci bai ba ta dama ba. A da, kogin yakan cika ya yi ambaliya wajen watan Agusta da Satumba, ruwan ya zo da ƙarfi ya wanke hanyoyinsa, sannan ya janye, fadama ta bushe ƙayau har ƙasa ta tsage da bazara. Wannan bushewar ta watanni ita ce take hana kacala yaɗuwa, kuma ita ce ta ba mahaifinku damar shuka wake bayan shinkafa.

Abin ya canza bayan an gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, sannan ta Challawa a 1992. Madatsun nan suna riƙe ruwan damina, su sake shi sannu a hankali da rani saboda noman rani na Kadawa da Kura da na kwarin Haɗejia da kuma ruwan shan Kano. Amfaninsu ba a musa shi. Amma abin da ya biyo baya a ƙasa shi ne ambaliya mai ƙarfi da ke share hanyoyin ruwa ta ragu, ruwa marar zurfi kuma ya riƙa kwanciya duk shekara a wuraren da a da suke bushewa. Ruwa marar zurfi, marar gudu, wanda ba ya ƙafewa, ga kuma ragowar takin zamani da yake kwararowa daga gonakin sama, babu abin da kacala take so kamar wannan. Da ta kafu a cikin hanyar ruwa sai ta rage masa gudu, yashi da laka su kwanta a gindinta, hanyar ta ƙara cikewa, ruwan ya fantsama gefe ya buɗe mata sabon wuri. Haka aka wayi gari rassan kogin irin su Burum Gana da tsohuwar hanyar Haɗejia suka toshe, ruwa ya karkata zuwa reshen Marma da tafkin Nguru, wasu garuruwan ruwa ya yi musu yawa, wasu kuma na ƙasa ba ya isa gare su. Irin wannan ya faru a kogin Senegal bayan an gama madatsar Diama a 1986, inda ciyawar ta mamaye gaɓar kogin a ɓangaren Senegal da na Muritaniya. Na kawo wannan tarihi ne don ka san cewa ba sakacin gidanku ne ya jawo ba, kuma don ka gane inda za a kama ta.

Inda ranta yake

Idan ka tona gindin kacala za ka tarar da wata saiwa mai kauri, fara daga ciki, tana tafiya a kwance cikin laka, ba ta cika nitsewa fiye da taƙi ɗaya ko biyu ba. Ka karya ta ka gani, cike take da gari kamar rogo. Nan take ajiye abincinta, kuma daga jikinta sababbin tsirrai suke fitowa ta ko'ina. Ganyen da kake gani mai tsawon mita biyu zuwa uku, ko fiye, ma'aikaci ne kawai da yake tara wa saiwar abinci.

Sai dai akwai aiki na biyu da ganyen yake yi, wanda mutane da yawa ba su lura da shi ba. Lakar da ke ƙarƙashin ruwa ba ta da iska, saiwa kuwa dole ta yi numfashi. Ka yanke ganye ɗaya a gicciye ka duba bakin yankan, za ka ga ƙananan ramuka jere kamar soso. Ta waɗannan ramuka iska take sauka daga sama zuwa saiwa. Har busasshen karan da ya mutu, muddin yana tsaye kansa yana waje da ruwa, yana ci gaba da kai mata iska. Wannan shi ne dalilin da saranku bai yi aiki ba. Da kuka sare ta sama da ruwa, kututturen ya ci gaba da shaƙar iska, saiwa ta ɗebo daga ajiyarta ta fitar da sabon ganye cikin 'yan kwanaki. Wutar kuwa ta cinye busasshen ganyen da yake yi mata inuwa, ta zuba mata toka, ta bar saiwar lafiya ƙalau cikin laka mai sanyi. Shi ya sa ta dawo kore shar, ta fi da kyau.

Hanya ta biyu da take yaɗuwa ita ce iri. Wannan zangarniyar mai kama da ta gero, idan ta nuna ta fashe, tana sakin iri fiye da dubu ɗari, kowanne da ɗan gashinsa, iska ta kwashe su. Irin ba ya tsira sai ya faɗa kan laka mai danshi ko ruwa marar zurfi inda haske yake kai masa. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanka a ƙarƙashin ruwa

Idan fadamarka tana cikin wuraren da ruwa ba ya barinsu, wannan ita ce hanyarka. A shiga da lauje mai kaifi, wanda aka ƙara wa doguwar ƙota idan ruwan ya kai gwiwa ko cinya, a yanke kowane kara a ƙarƙashin ruwa, ta yadda ruwan zai rufe kututturen da aƙalla taƙi guda, wato kamar santimita 20. Ba ɗanye kaɗai za a yanka ba, har busassun kara na bara, domin kara ɗaya da aka bari a tsaye zai iya shayar da saiwar da ke kewaye da shi iska, tun da duk a haɗe suke ta ƙasa. Idan aka toshe mata numfashi haka, saiwar za ta ƙona ajiyarta da sauri tana ƙoƙarin tura sabon ganye ya huda ruwa. Wasu za su hudo. Da zarar kansu ya fito, kafin su yi tsawon kamu ɗaya a sama da ruwa, a koma a sake yanka. Yawanci yanka na biyu da na uku a cikin shekara guda su ne suke karya ta, kuma kowanne ya fi wanda ya gabace shi sauƙi nesa ba kusa ba, domin tsiron yana raguwa.

Abu biyu suke ɓata wannan aiki a wuraren da na gani. Na farko shi ne rashin lissafin ruwa. Mutum ya yi yankansa daidai, bayan mako biyu ruwa ya ja baya, kututture ya fito fili, aiki ya koma farko. Saboda haka kada ka yi yanka lokacin da ruwa yake janyewa. Ka yi shi lokacin da ruwa ya tsaya cik ko yake ƙaruwa, ko kuma ka yi yankan a ƙasa sosai dab da zuwan ambaliya, ruwan da kansa ya zo ya rufe. Kai ka fi ni sanin ruwan fadamarku, kuma masunta da sarkin ruwan garinku sun fi mu duka sanin makon da yake hawa da makon da yake sauka. Ka kafa sanda a gonar ka yi mata alama, ka riƙa dubawa. Na biyu shi ne barin abin da aka yanka a cikin ruwa. Idan ya ruɓe a nan yana cinye iskar ruwan, kifi ya wahala, ga shi yana taruwa ya toshe hanya, gutsattsarin saiwar da suka tumɓuke kuma su yi iyo su je su kafu a wani wuri. A ja shi da manjagara ko a loda a kwalekwale a fitar da shi tudu.

Game da lokaci, akwai gaɓar da kacala ta fi rauni, wato sa'ad da zangarniya ta fara fitowa tana kore, ba ta yi ja ba. A lokacin saiwa ta kashe mafi yawan ajiyarta wajen fitar da ganye da fure, ba ta fara mayarwa ba. Idan wannan gaɓa ta haɗu da ruwa mai zurfi a wurinka, to ka dace, kuma ka hana ta zubar da irin shekarar. Idan ba su haɗu ba, ni dai ina fifita zurfin ruwa a kan lokacin fure.

Aikin yana da wuya, ba zan ɓoye maka ba, kuma yana da haɗari ga lafiya. Cikin kacala akwai macizai da matsattsaku, kuma katantanwar da ke ɗauke da tsutsar tsargiya tana son irin wannan ruwa. A sa dogon takalmin roba, a yi aikin da sassafe domin tsutsar ta fi yawa a ruwa da tsakar rana, kuma duk wanda ya ga jini a fitsarinsa ya je asibiti, maganinta yana nan. Yara kuwa a bar su a tudu suna jan abin da aka fitar.

Idan ana iya busar da wurin

Wannan hanya ta fi dawwama, domin tana mayar da fadamar yanayin da take ciki a zamanin mahaifinku. Idan ruwan da ke kwanciya a gonarka da rani yana shigowa ne ta wata 'yar hanya ko wani gurbi da za a iya tarewa, to a yi jinga a tare shi tun farkon rani, a haƙa 'yar kwata a gefen da ya fi gangara don ragowar ya fita. A bar ƙasar ta sha iska. Idan ganye ya bushe, a nan wuta take da amfani, ba don ta kashe ciyawar ba, sai don ta share fili garma ta samu shiga. A ja iyakar wuta tukuna, a yi ta da safe kafin iska ta tashi, a kuma sanar da maƙwabta da makiyaya.

Bayan nan sai huɗa. Garmar shanu takan sha wuya a karon farko saboda saiwar ta saƙe ƙasa kamar tabarma, don haka idan kuna iya haɗa kuɗi ku ɗauko tarakta mai faifai ta fara yayyanka ta, ya fi. Manufar ita ce a juyo saiwar sama ta fuskanci ranar Maris da Afrilu. A bar ta mako biyu ko uku, a sake juyawa, a bi da manjagara a tsince abin da ya fito a tara a ƙona. Saiwar da ta bushe har ta yi sauƙi a hannu, tana karyewa ƙas, ta mutu. Wadda har yanzu take lanƙwasa kuma cikinta fari ne da danshi, tana da rai.

Ga gargaɗi a nan. Huɗa a ƙasa mai danshi ta fi rashin huɗa muni. Faifan tarakta zai yanka saiwa gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa mai ido ta zama sabuwar shuka. Na taɓa ganin fadamar da aka yi wa haka saboda mai tarakta yana sauri, aka huɗe ta ƙasa tana manne wa faifai, da ruwa ya dawo sai ga kacala ta fito jere a layi kamar da hannu aka dasa ta. Ka haƙa rami kamu ɗaya ka duba. Idan ruwa yana tsattsafowa a ƙasansa, ba lokacin huɗa ba ne.

Shanu kuma suna da nasu taimakon. Ba sa cin tsohuwar kacala, amma suna cin sabon tsiro mai taushi, kuma kofatonsu yana tattake saiwa. Idan kuna da fahimtar juna da Fulanin da suke sauka yankinku da rani, ku bar su su yi kiwo a kan tohon da ya biyo bayan yanka ko wuta. Wannan ba ya gamawa da ita shi kaɗai, amma yana hana saiwa mayar da ajiyarta, kuma kashin shanun riba ne.

Bayan an share

Yawancin waɗanda suka ƙwato gonarsu suka sake rasa ta, a nan suka rasa ta. Ka tuna irin nan da yake son laka mai danshi da haske. Filin da aka share aka bari tsirara shi ne ainihin abin da yake nema, kuma iska tana kawo shi daga kacalar maƙwabta kowace shekara. Saboda haka kada ka share abin da ba za ka iya nomawa a wannan shekarar ba. Da ka buɗe eka biyu ka kasa riƙewa, gara ka buɗe rabin eka ka shuka ta, baɗi ka ƙara. Ka fara daga gefen da ya fi tudu, inda kacalar ta fi siranta, ka riƙa turawa ciki.

Shinkafar da za ka sa a shekarar farko, ka yi dashenta, kada ka yafa iri. Dashe yana ba shinkafa rata, ta yi saurin rufe ƙasa, kuma layin yana ba ka damar shiga ka yi cira. Ɗan tsiron kacala da ya fito daga iri siriri ne, a makonnin farko ana zare shi da yatsu biyu. Idan aka bar shi ya yi wata biyu ko uku ya fara miƙa saiwa a kwance, sai da fartanya. A iyakar gonarka da kacalar da ba a taɓa ba, ka haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya ka riƙa bin sa kana datse saiwar da ke ƙetarowa, ka kuma sare zangarniyar da ke kusa tun tana kore.

Abin da aka fitar ba shara ba ne. Busasshen ganyen yana yin jinka da zana, ana shimfiɗa shi a fangalin albasa ko tumatir don riƙe danshi, kuma idan aka daddatsa shi aka cakuɗa da kashin dabbobi a rami yana zama taki. Sai dai kada a sa zangarniyar da ta nuna ko ɗanyar saiwa a ciki. A yankin Rosso na Muritaniya har gawayi ake yi da ita, ana ƙona ta a rufe, a niƙa, a dunƙule. Ina ganin wannan abu ne da ƙungiyar matasa za ta iya gwadawa, amma ba na ba ka shawarar ka dogara da cinikin kacala wajen biyan kuɗin share ta.

Game da feshin da aka ba ka shawara, ina ganin hujjarka ta ƙin sa tana da ƙarfi. Ƙari a kan abin da ka faɗa, maganin ba ya canza ruwan da ya kawo ciyawar. Ko ya kashe wadda take tsaye, matacciyar za ta ruɓe a ruwa, iri kuma zai sake tsira, sai a sake saye baɗi.

Abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya

Dole in faɗa maka iyakar abin da na bayyana. Duk dabarun nan suna aiki ne a gonar da mai ita yake da ɗan iko da ruwanta, ko dai ya san zai zauna da zurfi na makonni, ko yana iya tare shi. Akwai fadamun da ba haka suke ba: ruwan bai kai zurfin da zai nutsar da kututture ba, kuma ba ya bushewa, domin babbar hanyar ruwan da ya kamata ta kwashe shi ta toshe a can gaba. Idan taka irin wannan ce, wahalar da za ka sha a cikin gonar ba za ta biya ba sai an buɗe hanyar. Ka bi ruwan da ƙafa ko a kwalekwale ka ga inda ya tsaya kafin ka kashe ko sisi.

Buɗe ƙananan hanyoyi aikin gayya ne, kuma garuruwan yankinku sun daɗe suna yin sa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka kai maganar gaban bulama ko mai unguwa, a haɗa manoma da masunta da makiyaya, domin kowa yana da abin da kacala ta hana shi: masunci ba ya iya jefa taru, makiyayi ya rasa mashaya, manomin gero da shinkafa kuma tsuntsun jan-baki da ke kwana cikinta yana cinye masa amfani. A fara sharewa daga ƙasa a hauro sama, don ruwan da aka saki ya samu inda zai bi, kuma a yi magana da garin da ke ƙasa da ku kafin a sakar musu shi. A sa ranar komawa a kowace shekara, domin hanyar da aka buɗe aka manta da ita ba ta daɗewa take rufewa.

Manyan rassan kogin kuwa sai injin haƙa mai tafiya a kan ruwa, irin waɗanda gwamnatin Jigawa da Hukumar Raya Kogunan Haɗejia da Jama'are suke amfani da su, kuma yadda ake sakin ruwa daga Tiga da Challawa yana hannun hukumar ne. Ƙungiyar manoman gari da ta rubuta koke ta hannun hakimi da ƙaramar hukuma, ta ambaci sunan hanyar da ta toshe da wurin da ta toshe da yawan gonakin da abin ya shafa, ta fi samun a saurare ta fiye da mutum ɗaya. Ku kuma roƙi a riƙa sanar da ku lokacin da za a saki ruwa da lokacin da za a rage shi, domin da wannan labarin ne za ka tsayar da ranar yankanka ko ranar ɗaura jingarka.